Idon Mai Haɗa Dambe: Gwanintar Gane Wanda Ya Ɓoye Ƙarfinsa

Da zarar damina ta ɗauke a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, masara ta shiga buhu, aka fara saran rake ana loda wa manyan motoci, masu mazarƙwaila suka hura wuta, to kuɗi sun shiga aljihun samari, aikin gona kuma ya yi sauƙi. A irin wannan lokaci ne kalangu ke tashi a bayan gari. Dambe tun asali wasan kaka ne. Rundawa ne suka raine shi, suna bin garuruwa bayan girbi, kafin ya zama na kowa da kowa. Jama'a kan cika fili don su ga kisa, su ji kirari, su yi wa gwaninsu kari. Amma akwai mutum guda a filin nan da ba a kaɗa masa take, ba a manna masa kuɗi a goshi, alhali daɗin wasan da lafiyar 'yan wasan duk a hannunsa suke. Shi ne mai haɗa dambe. A wani wurin Sarkin Dambe ne da kansa, a wani wurin alƙalin wasa, a wani wurin kuma tsohon ɗan dambe ne da ya kwance zare ya koma gefe.

Aikinsa a faɗe ɗan kaɗan ne: kowa ya kara da sa'ansa. A aikace kuwa sai mai ido. Damben gargajiya bai zo da sikeli ko rajista ba. Ɗan dambe kan ratsa fili ya nuna wanda yake so, ko a sa zare tsakanin mutum biyu, sai manyan ɓangarorin, Kudu da Arewa da Guramada, su duba su ce a yi ko a bari. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, in kuwa aka gama kowa na tsaye sai a ce babu kisa. Hannun da aka naɗe da ƙyalle aka ɗaure da zare tamau, saukarsa a fuska ba abin wasa ba ne. Duk wanda ya haɗa yaron da ya fara shiga fili bara da wanda ya shekara goma yana zubar da maza, ya jefa ran ɗan mutane cikin haɗari. Shi ya sa ake fara yamma da wasannin sharar fage na yara, a hau zuwa matsakaita, sannan manya su fito.

A cikin wannan tsari ne mai son banza ke neman kafa. Tun da aka fara sa babur da mota da kuɗi masu kauri a gasa, zama cikin ƙanana ya zama abin kwaɗayi ga wanda ya fi ƙarfinsu. Hanya biyu ake bi. Ta farko ta baƙo ce: ya zo garin da ba a san shi ba, ya ce shi ɗan koyo ne. Ta biyu ta ɗan gida ce, kuma ta fi wuyar ganewa: a wasannin yau da kullum sai ya riƙa sassauta hannu, ya bari a tashi babu kisa, wani lokaci ma ya kai hannu ƙasa da gangan, don ranar da za a raba rukunin gasa a ajiye shi inda zai yi ta kisa ba gumi. Wannan tauye mudu ne, sai dai shi mudun kansa yake tauyewa don ya kwashi rabon wasu.

Ga yadda gwani ke tarar ta farko. A ce ranar Laraba ce, kasuwar Makarfi ta watse, an kafa fili. Cikin 'yan ci-ranin da suka zo saran rake sai wani saurayi ya matso, ya ce shi ma a ba shi turmi cikin ƙanana. Dattijon da ke haɗa wasan ba zai ce to ba, ba zai ce a'a ba. Sai ya miƙa masa hannu su gaisa, ya riƙe hannun ya ɗan jima.

“Samari, daga ina?”

“Daga yamma nake, Baba. Aikin rake ya kawo ni.”

“Madalla. Shagon wa?”

“Ai ba ni da ubangida, Baba. Koyo nake.”

“To, Allah ya yi albarka. Zauna nan kusa da ni tukuna.”

Kafin a saki hannun nan dattijon ya karanta rabin labarin. Manomi kantarsa a tafin hannu take, inda ƙotar fartanya da adda ke ci. Ɗan dambe kuwa tasa a bayan yatsu take da wuyan hannu, inda zare ya saba kwanciya. Zai lura ko damtse ɗaya ya fi ɗaya cika, ko akwai tsagen da ake yi a hannu don shafa magani, ko akwai tsohon tabo a gira da leɓe, ko karan hanci ya taɓa karyewa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa hujja shi kaɗai, amma in suka taru a jikin mutum guda, maganar koyo ta fara rauni.

Zaunar da shi kusa kuma dabara ce. Dattijon yana kallon fili da ido ɗaya, ɗayan yana kan baƙon, yana duban yadda yake kallon wasa. Ɗan koyo hannun duka yake bi da ido, sai naushi ya sauka sannan ya zabura. Tsohon hannu ƙafafu yake kallo da hannun garkuwa, kuma kafaɗarsa kan motsa tun kafin naushin ya tashi, domin ya riga ya hango ƙofar da aka bari. Jikin da ya saba da fili ba ya iya zama shiru idan kalangu ya canza murya. Baki na iya cewa koyo nake, amma kafaɗa ba ta iya ƙarya ba.

Daga nan sai ya nemi tarihi. Kafin zuwan waya, makaɗa su ne rajistar dambe. Suna yawo daga fili zuwa fili, sun san taken kowa, sun san wa ya kashe wa, a wane gari, a turmi na nawa. Albarkacin makaɗi irin Muhammadu Bawa Ɗan Anace ne har yau ake ambaton Shago da Ɗandunawa. Sunayen 'yan dambe ma kansu shaida ne, domin Shagon wane da Autan wane suna nuna gidan da mutum ya fito, kuma gidan dambe ba ya ɓoyuwa. Sai dattijon ya yafito makaɗi ya raɗa masa tambaya. Yau kuma ga waya: kira ɗaya zuwa Kano ko Dei-Dei ko Maraɗi, ko ɗan bincike a Facebook da YouTube, sai ga ɗan koyon nan a bidiyo yana ɗaga hannu a kan wani ƙato.

In duk wannan bai warware ba, sai gwaji. A nan ne gwanintar ta fi burge ni. Ba zai ba baƙon mafi rauni ba, don kada a yi ɓarna. Ba zai ba shi babba ba, don in da gaske koyo yake kada a cuce shi. Sai ya zaɓo matsakaici mai kyakkyawar garkuwa, mai jure duka, wanda ba a kashe shi da arha, ya ce a yi turmi ɗaya a gani. Irin wannan abokin karawa yana tilasta wa mutum fito da abin da ke cikinsa. Da an ga yadda baƙon ke dasa ƙafa, yadda yake auna tazara, yadda yake janye kai daga naushi da ɗan taƙi kaɗan, an gama magana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Nan take za a ɗaga shi zuwa cikin sa'o'insa.

Ɗan gida mai sassauta hannu shi ke buƙatar dogon haƙuri. Ana gane shi ne da abin da ya ƙi yi. Ya ga ƙofa a buɗe ya kau da kai. Ya saki hannu amma bai bi shi da kafaɗa da ƙugu ba. Faɗuwar gaskiya daga ƙafa take farawa, mutum ya zube bai san inda zai sauka ba, ya tashi ido na juyawa. Mai faɗuwar ganganci kuwa idonsa kan riga shi zuwa ƙasa, hannunsa ya sauka a shirye, ya miƙe numfashinsa daidai. Dattijon zai gani ya yi shiru ya ajiye a ransa. Ƙa'idarsa guda ce, kuma ita ce zuciyar wannan sana'a: ana auna ɗan wasa da ranarsa mafi kyau. Mutum na iya yin ƙasa da ƙarfinsa da gangan, amma ba mai iya yin sama da ƙarfinsa da gangan. Wanda ya taɓa kashe babba a turmin farko, faɗuwa uku a hannun yara ba za ta mai da shi yaro ba.

Wanda ke ganin wannan lamari na ƙauye ne kawai, ya dubi yadda wannan cuta ta sa Amurkawa rubuta dokoki a wasan bolin. Wasa ne da ake gangara ƙwallo mai nauyi a kan dogon daɓen katako, tazarar ƙafa 60, don a ture 'yan turaku goma da aka jera. Iyakar makin wasa ɗaya 300 ne. Don gwani da ɗan koyo su iya shiga gasa ɗaya, sai aka ƙirƙiro rangwame: a ɗauki matsakaicin makin mutum, a cire shi daga wani adadi da aka tsayar, a ba shi wani kaso na bambancin kyauta. Misali, in an tsayar da 220 da kashi 90 cikin ɗari, mai matsakaicin 150 zai sami ƙarin 63 a kowane wasa, mai 200 kuma ya sami 18.

Yanzu a duba inda ɓarakar take. Mutumin da ainihin ƙarfinsa 190 ne, rangwamensa 27. In ya riƙa kuskuren ganganci a wasannin mako-mako, musamman bayan ya ga ƙungiyarsa ta riga ta ci ko ta riga ta faɗi, har matsakaicinsa ya sauka zuwa 165, rangwamensa ya zama 49. Ya saci maki 22 a kowane wasa ke nan, 66 a wasa uku, kuma wannan ya isa ya raba mai gaskiya da kyautarsa. Lissafin bai yi kuskure ba. Abin da aka ba shi ne ƙarya.

Hukumar wasan ta Amurka, USBC, wadda aka kafa a 2005 bayan haɗewar tsofaffin ƙungiyoyi, ciki har da ta maza da ta faro tun 1895, ta tanadi magunguna. Ba a karɓar matsakaicin da bai kai na wasa 21 ba. In mutum yana wasa a rukuni fiye da ɗaya, mafi girman matsakaicinsa ake ɗauka. In na bana ya ɗara na bara da maki 10 ko fiye, da na bana zai shiga. In abin da yake ci a gasanni cikin wata 12 ya ɗara wanda ya gabatar da maki 15 ko fiye, sai a koma kan na gasar. Ana buƙatar ya bayyana manyan kyaututtukan da ya ci a baya. Shugaban gasa yana da ikon ɗaga masa matsakaici kafin ya fara wasa, in bai yarda ba a mayar masa da kuɗin shigarsa. Wanda kuma aka tabbatar ya danne makinsa da gangan yana iya rasa kyautar da ya ci da zamansa ɗan ƙungiya.

Mai karatu zai ga cewa duk waɗannan dattijonmu na bakin fili yana yin su ba tare da takarda ba. Wasa 21 shi ne ƙin yanke hukunci da kallo ɗaya. Ɗaukar mafi girman matsakaici shi ne auna mutum da ranarsa mafi kyau. Bayyana kyaututtuka shi ne tambayar makaɗi. Ikon shugaban gasa kuwa shaida ce cewa ko a ƙasar da kwamfuta ke rubuta kowane maki, daga ƙarshe sai an koma ga idon wanda ya san wasa.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Ƙwallon dawaki, wato folo, da ake bugawa a Zariya da Kaduna da Kano da Katsina, a kan irin wannan awo ya ginu. Kowane ɗan wasa yana da daraja daga 2 ƙasa da sifili zuwa 10. Ana tara darajar mutum huɗu na kowane ɓangare, a ba mai ƙaramin jimla bambancin a matsayin ƙwallaye tun kafin a fara. In wannan ɓangare 12 ne wancan 9, a wasa mai zango shida, masu 9 za su fara da ƙwallo 3. Wani Ba'amurke, Henry Lloyd Herbert, shi ya fito da tsarin a 1888. A Kaduna ana fafatawa a kan Kofin Georgian tun 1919. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya dasa wasan a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya kai daraja ta 7. Abin lura shi ne, a folo ba yawan ƙwallayen da mutum ya ci ake ƙirgawa a ba shi daraja ba. Kwamiti ne na masana ke kallon hawansa, da bugunsa, da sanin wasansa, da dawakinsa, su yanke, kuma su sake dubawa lokaci zuwa lokaci. Mai son a bar shi a ƙasa don ƙungiyoyi su riƙa rububinsa, da idanun mutane da yawa zai yi fama.

Akwai wani ɓangare na wannan gwaninta da ba a cika faɗa ba, shi ne kamewa. Ba duk wanda ya yi rauni yau ya yi ƙarfi gobe ne macuci ba. Wani zazzaɓi ya kwantar da shi, wani hannunsa ne bai warke ba, wani kuma yaro ne da ƙarfinsa ke tashi, wanda bara da bana ba ɗaya ba ne. Gwanin gaske ya san bambancin wanda ya ƙaru da wanda ya ɓoye. Dukansu zai ɗaga su, amma na farko da yabo, na biyu da gargaɗi. Ko gargaɗin ma ba a tsakiyar fili yake yin sa ba. Yakan ja mutum gefe, ko ya aika wa ubangidansa, domin tozarta ɗan dambe a gaban jama'a na iya tayar da rigimar ɓangare da za ta fi cutar da ake gudu. Haka kuma ba ya gaggawar tura yaro mai tasowa cikin manya don 'yan kallo na ihu. Kisa ɗaya mummuna kafin lokaci ya isa ya kashe wa yaro zuciya har abada. Kuma duk wannan ba ya tsayuwa sai in mutumin ba ya karɓar na goro daga kowane ɓangare, ko da ɗan gidansa ne ke cikin fili.

Gasannin zamani, irin na Dambe Warriors da na bikin wasanni na ƙasa, sun shigo da sikeli sun raba 'yan wasa ajin nauyi. Wannan ci gaba ne, ya kuma rage haɗari. Sai dai sikeli nauyin jiki yake faɗa, ba ya faɗin shekarun da mutum ya yi a fili. Mutum biyu na iya yin nauyi ɗaya, ɗaya ya fara jiya, ɗaya ya gama zagaye ƙasar Hausa. Mun kuma ga a ƙwallon ƙafa yadda takarda kaɗai ke gazawa: a 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin shekarun haihuwar wasu 'yan wasa, kuma a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda Kano da Kaduna na cikin masu masaukinta, sai da aka koma ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. Kowane ma'auni yana da ƙofar da macuci zai bi, in ba a tsayar da mai ido a bakinta ba.

Saboda haka ina kira ga masu shirya dambe a Ikara da Paki da Makarfi da Gimi da Hunkuyi da Likoro, da sassan wasanni na ƙananan hukumomin nan uku, su haɗa tsohuwar hikima da sabon tsari. A buɗe littafi a kowane fili, a riƙa rubuta wa ya kara da wa, a turmi na nawa aka yi kisa, kuma filaye su riƙa musayar wannan bayani. Rabon rukunin gasa ya kasance a hannun dattawa uku da ba ɓangarensu ɗaya ba, a kuma ba su ikon ɗaga duk wanda ya fi ƙarfin inda aka sa shi. Kyautar rukunin manya ta riƙa ɗara ta ƙanana nesa ba kusa ba, yadda ɓoye ƙarfi zai zama asara. Sannan a ware wa waɗannan dattawa hakkinsu daga kuɗin ƙofa, a sa matasa su zauna kusa da su su koya tun suna raye. Filin da ke da mai haɗa wasa nagari shi ne iyaye ke yarda 'ya'yansu su shiga, shi ne kuma wanda ya yi kisa a cikinsa zai ɗaga hannu ba tare da kowa ya yi masa gori ba.